Bangon Gidan Banda

Litinin, ƙarfe tara na safe

Sun shafa wa gidan banda jan fenti. Da idona na gani, layi biyu a gicciye a jikin ƙofa, fentin bai ko bushe ba, yana gangarowa kamar an yanka wani abu a wurin. Rumfar taru ma an shafa mata, da siton gishiri, da ɗakin awo. Duk layin bakin kogi. Hukumar gari za ta gina bangon kankare na tare ambaliya, ta shimfiɗa titi a kansa. Mako shida aka ba mutane.

Sauran ba su dame ni sosai ba. Rumfar taru kwano ce da itace, ina saurayi aka kafa ta. Amma gidan banda na dutse ne. A ƙofarsa ubana ya sauke kifi shekara hamsin, a cikinsa uwata ta ƙarar da idonta a hayaƙi. Kuma doka ta ce ginin da ya cika shekara ɗari ba a taɓa shi. Na ce wa 'yata kuskure suka yi, gobe zan je in gyara musu. Ta ce, "To, Baba. Sha shayinka kafin ya huce."

Shekara talatin da biyar na koyar da tarihi a garin nan. Idan ba ni ba, wa zai gyara musu?

Talata, bayan azahar

Na je. Sakataren kwamitin rusau ɗalibina ne na da, mai zama a bencin baya yana cin gyaɗa. Yanzu ya yi tumbi, yana da fanka a kan tebur. Ya miƙe ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Da na gama bayani sai ya ja aljihun tebur ya fito da littafina. Littafin da na rubuta shekara talatin da suka wuce a kan tarihin bakin kogi da masuntansa. Har ya sa masa bango na leda.

Ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya, ya karanta mini maganata da muryarsa: "Masunta suna yin tsaga ɗaya a bangon gidan banda kowace shekara, daidai inda ruwa ya tsaya. Marubuci ya ƙirga tsaga sittin da uku. Saboda haka shekarun ginin sittin da uku ne."

Ya ce, "Malam, sittin da uku da talatin, casa'in da uku. Saura bakwai. Da ba don littafinku ba ma da ba mu san inda za mu kama ba. Kwamiti ya yaba ƙwarai."

Na shanye ruwan. Ban san me ya sa na shanye ba.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na zagaya bayan ginin, ɓangaren da ke kallon kogi. Rabona da wurin tun ina aikin littafin. Tsagogin suna nan, kowace tsawon ɗan yatsa, a kwance, wasu ƙasa kusa da tushe, wasu daidai ƙirjina, ɗaya ma sama da kaina. Na ce bari in ƙirga, ko a wancan lokacin na tsallake wasu.

Saba'in da huɗu.

Na sake. Saba'in da huɗu. Na ɗauko gawayi ina yi wa kowace ɗigo, na sake. Idan kowace shekara ake yi, ya kamata in sami casa'in da uku. A shekara talatin, goma sha ɗaya kawai aka ƙara.

Uwar banda, shugabar matan da ke ƙyafa kifi a ciki, ta leƙo ta taga tana share ido da gefen mayafi. Tare muka yi wasan ƙasa da ita. Ta ce, "Mai littafi, me ya faɗi ne kake nema a bangonmu?"

Na ce, "An daina yin tsaga kowace shekara ne?"

Ta ce, "Yaushe aka taɓa yi kowace shekara? Sai shekarar da ruwa ya hau ya taɓa bango. In bai taɓa ba, me za a tsaga? Iska?"

Na ce tun yaushe haka. Ta ce tun da aka aza dutsen. Wani lokaci ruwa ya zo shekara uku a jere, wani lokaci ya yi bakwai bai zo ba. Ta ce ko yaron da ke wanke kifi ya san wannan.

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. Ta ce, "An so a gaya maka." Ta ja tagarta.

Ginin nan ya haura shekara ɗari nesa. Wataƙila ya kusa ɗari biyu. Ni na rage masa, da alƙalamina, har na sa hotona a bayan littafin.

Alhamis, da safe

Na rubuta wa kwamiti wasiƙa, shafi huɗu. Na yaga ta farko saboda na ga ina kare kaina. Ta biyu ma haka. A ta uku na rubuta kalmar kuskure sau ɗaya, a shafi na uku, can ƙasa.

Ga yadda abin ya faru, ko don in gani a rubuce. Ina shekara tara aka ɗauke ni daga bakin kogi aka kai ni makarantar kwana, saboda wai ina da kai. Da na dawo da takardu aka ba ni gida a unguwar tudu, inda ba a jin ƙarnin kifi. Shekaru ukun da na yi ina tattara littafin shekarun ruwa ne, kowace damina kogi ya taɓa bango, na ga an yi tsaga, na ga an sake, na ga an sake. Sau uku. Mai ilimi ba ya buƙatar na huɗu.

Wanda na ga yana yin tsagar kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙarfen tsagar a gidanmu yake. Kakanmu ya riƙe, ubanmu ya riƙe, yanzu Yaya.

Asabar, da yamma

Ban je wurin Yaya ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya

Sakatare ya karanta wasiƙata a gabana yana gyaɗa kai. Ya ce wani ɗan kwamiti ya riga ya ba da amsa: wai tsaga goma sha ɗaya a shekara talatin ba ta nuna komai sai lalacin masuntan zamani, na da suna yi kowace shekara kamar yadda littafi ya faɗa, na yanzu sun yi sakaci.

Na ce, "Ni ne littafin. Ga ni a gabanka ina ce maka ƙarya ne."

Ya ce, "Haba Malam, kada ku faɗi haka. Da shi muka ci jarrabawa."

Daga baya ya rage murya. Ya ce hanya ɗaya ce. Idan shi mai yin tsagar ya zo da kansa ya ba da shaida a gaban kwamiti, ya yi rantsuwa, aka rubuta, to dole a saka a fayil a duba. Amma Juma'ar mako mai zuwa, ƙarfe goma sha biyu, ake rufe karɓar ƙorafi. Ya ce, "Kun san shi?"

Na ce na san shi.

Talata, da safe

Kwana goma. Ban je ba. Gwiwata ta kumbura.

Laraba, bayan la'asar

Na zauna a kan matakalar dutse da ke sauka daga gidan banda zuwa ruwa. Ashirin da biyu ne, wannan kam na ƙirga daidai. Yau goma sha bakwai suna waje. A gefensu akwai zobban ƙarfe na ɗaure jirgi, tsatsa ta cinye rabinsu.

Ina yaro jirage tamanin ke kwana a nan. In sun dawo da hantsi ba ka ganin ruwa sai katako, mutum zai iya taka jirgi zuwa jirgi har tsakiyar kogi ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Ana jan taru mutum ashirin a igiya ɗaya. Giwan ruwa sai an rataye shi a sanda, mutum biyu su ɗauka, wutsiya tana jan ƙasa. A ɗakin awo akwai wani tsoho mai ido ɗaya da ke ɗaga kwando ya faɗi nauyinsa kafin a ɗora a sikeli, bai taɓa kuskure ba. Gishiri yana zuwa ta ruwa, a jibge shi a sito har rufi, mu yara mu lashi bango. Murhu goma sha shida ne a gidan banda, ba a kashe wutarsu daga farkon kaka har bazara. Duwatsun rufin sun yi baƙi suna ƙyalli kamar an shafa musu mai.

Yau na ƙirga jirage tara. Biyu a kife, ciyawa ta fito a kansu. Murhu huɗu ke ci, kifin da ke kan ragar ma rabinsa daga mota aka sauke shi a kwali, da ƙanƙara.

Duk wannan yana cikin littafin, kuma daidai ne. Shafi ɗari da ashirin daidai ne. Ba wanda ya buɗe su. Shafi ɗaya suke so, shi suka samu.

Daga inda nake zaune ina hango rufin gidan Yaya. Ban je ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu

Na sa riga na fita da niyya. Na wuce kasuwa, na wuce famfo, na kai kwanar da ake gangarawa unguwar masunta. A nan shagon wanzami yake. Na shiga na yi aski. Kwana biyar da yin na baya. Wanzamin ya ce, "Malam, me zan aske? Sai dai in goge maka."

Na ce ya goge.

Lahadi, bayan azahar

'Yata ta dawo daga can. Kowace Lahadi takan kai wa baffanta maganin hawan jini da 'yar miya, tun rasuwar matarsa. Ban taɓa hana ta ba, ban taɓa tambayarta ba. Yau ta ajiye kwanon da ƙarfi.

Ta ce, "Baba, daga ƙofar nan zuwa tasa minti ashirin ne. Da sandarka, talatin."

Na ce gwiwata.

Ta ce, "Gwiwar da ta kai ka ofis sau uku? Bene hawa biyu?"

Na ce ya san da maganar? Ta ce duk bakin kogi sun sani. Na ce me ya ce? Ta ce tambaya ɗaya kawai ya yi, wai har yanzu ina shan shayi da sukari cokali uku.

Na ce to ke ki roƙe shi mana, ai yana jin maganarki. Ta ce, "Ba ni na ce masa ya zauna ba."

Ashe ta sani. Tana shekara shida a lokacin. Ashe duk shekarun nan ta sani, tana zuba mini shayi.

Litinin

Kwana huɗu.

Talata, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Ranar da aka ƙaddamar da littafin, a zauren makaranta aka yi. An jera kujeru, an kawo lasifika, manyan gari a layin gaba. Yaya ya zo da mutanen bakin kogi, sun yi wanka sun sa kayan fita, amma ƙarnin ba ya fita da wanka ɗaya. Na sa aka zaunar da su a baya kusa da ƙofa. Aka karanta wasu shafuka, har da na arba'in da ɗaya. Ana cikin tafi sai Yaya ya miƙe, hularsa a hannu. Ya ce, "Auta, akwai 'yar magana a kan tsagar nan."

Auta. A gaban shugaban makaranta, a gaban ɗalibaina. Wasu suka fara dariya.

Na karɓi lasifikar na ce, "Yaya, zauna. Nan ba wurin hirar bakin ruwa ba ne."

Aka yi dariya sosai. Har na ji daɗi. Ya tsaya kaɗan, ya mayar da hularsa, ya zauna. Bai fita ba, ya zauna har aka tashi, har ya sayi littafin guda ɗaya, shi da ba ya karatu.

Tun ranar bai sake ce mini Auta ba. In mun haɗu a jana'iza sai ya ce, "Malam, ina gajiya," in ce, "Ba gajiya," shi ke nan. Shekara talatin. Na gaya wa kaina hassada ce, don ni aka kai makaranta shi aka bar shi da taru. Ban taɓa tambayar kaina wace magana ce ya tashi ya faɗa ba.

Laraba, da yamma

Ban je ba. An yi ruwan sama. Wannan ba dalili ba ne, na sani.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na je.

Yana zaune a tsakar gida a kan kifaffen turmi, taru a gwiwarsa, babban yatsan ƙafa ya riƙe gefe yana ɗinke inda ya yage. Ya rame. Gashin kansa ya yi fari fat, hannuwan ne kawai ba su canja ba. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

Ya ce, "Malam ne da kansa? Ba mu da kujera irin taku. Ga bokiti."

Na kife bokitin na zauna. Na fara bayani tun daga doka, da kwamiti, da fayil. Na ji muryata ta koma ta aji. Ya bar ni har na gama, yana ta ɗinki.

Ya ce, "To ni me zan je in yi?"

Na ce, "Ka gaya musu yadda ake tsagar."

Ya ce, "A ofis? A gaban manya?" Ya ciji zaren ya tsinke. "Ai can ba wurin hirar bakin ruwa ba ne."

Ina nan zaune a kan bokitin. Kaza ta zo ta tsattsagi wani abu kusa da takalmina. Na shirya kalmomi a hanya, masu kyau, na tsara su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta fito. Na ce, "Yaya, gobe ne ƙarshe, ƙarfe goma sha biyu." Abin da na iya faɗa ke nan.

Ya ce, "Allah ya kai mu. Ka gaida 'yar."

Na tashi na mayar masa da bokitinsa yadda na same shi.

Juma'a, bayan la'asar

Ƙarfe tara da rabi aka buga ƙofa. 'Yata ta buɗe. Yaya ne, cikin rigar da ya sa ranar ƙaddamar da littafin, ko irinta, ta yi masa yawa yanzu. Bai shigo ba. Ya ce wa 'yata, "Gaya wa ubanki in zai je ya fito, ban san ofishin ba."

Muka kama hanya. A matakalar bene ya tsaya sau uku yana haki. Na miƙa masa hannu, ya kama ƙarfen gefe.

Mutum biyar ne a kwamitin. Suka rantsar da shi. Shugabansu ya ce ya yi bayani a taƙaice. Yaya ya rufe ido ya fara daga tsaga ta ƙarshe yana komawa baya. Kowace tsaga ashe tana da suna. Ta shekarar da rufin sito ya faɗi. Kafin ita ruwa ya yi shekara biyu bai zo ba. Ta shekarar da aka kama kada a ɗakin awo. Kafin ita shekara huɗu. Ta shekarar da aka kai Auta makaranta. Ta shekarar da jirgin gishiri ya kife da mutum shida. Ta shekarar da aka haifi ubanmu, ruwa har ƙirji, kafin ita shekara bakwai ƙasa ta tsage. Yana faɗa kamar yaro na biya karatu, yana kaɗa kai, haka ubanmu ya biya masa a cikin jirgi, haka kakanmu ya biya wa ubanmu. Ni a lokacin ina can ina haddace sarakunan wasu ƙasashe.

Sakatare yana rubutawa, ni ina tarawa a bayan ambulan. Da ya kai tsaga ta talatin da ɗaya ya buɗe ido. Ya ce, "Daga nan kakanmu bai sani ba. Ya ce ya tarar da su."

Na duba ambulan. Shekara ɗari da goma sha takwas. Ga kuma tsaga arba'in da uku da suka rage, ba wanda ya san shekarunsu.

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, mai tabarau, ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari. Amma ƙaninka masani ne, ya rubuta akasin haka." Na miƙe na ce, "Ban san komai ba. Ya zo ya gaya mini, na ce ya zauna." Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Yaya yana kallon fanka.

Aka dangwala masa yatsa a tawada. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata.

A hanya ya tsaya ya sayi lemo biyu, ya ba ni ɗaya.

Talata, da safe

Shiru. Ruwan sama kwana uku a jere. Matakala goma sha ɗaya a waje.

Asabar

Shiru. Na kama kaina ina sa rai. Tsoho da ni.

Alhamis, ƙarfe biyu

Sakatare ya kawo takardar da kansa, wai don girmamawa. Ya ƙi zama.

Kwamiti ya gode wa masunci bisa bayaninsa mai ban sha'awa. Kwamiti ya lura cewa shaidar baki ce, ba ta da wata takarda da ke mara mata baya. Kwamiti ya lura cewa rubutacciyar hujja ɗaya tak da ke akwai ita ce littafin, wanda aka buga tun kafin a yi maganar titi, lokacin da marubucin ba shi da wata manufa. Gyaran da ya kawo yanzu ya zo ne bayan an shafa fenti. Za a rushe ranar Litinin ta sama.

Wato na fi gaskiya lokacin da nake ƙarya.

Sakatare ya ce akwai labari mai daɗi kuma. Za a kafa allon tunawa a bakin sabon titi, daidai inda ginin yake, kuma kwamiti na so ni in rubuta abin da za a sa. Ya ce in ban samu dama ba, ba komai, za su ɗauko daga littafin.

'Yata ce ta raka shi ƙofa. Na ji tana ce masa ya gaida gida.

Juma'a

Ban fita ba. Na ɗauko kwafi goma sha ɗaya da suka rage a ƙarƙashin gado na kai murhu. 'Yata ta ce, "Na ofis ɗin fa? Da na ɗakin karatu? Za ka cika mini gida da hayaƙi a banza." Na mayar da su.

Talata, da hantsi

Mata suna kwashe kaya daga gidan banda. Ragar waya, da tukwane, da itacen da suka tara na kaka. An ba su fili bayan tashar mota, za su riƙa banda a cikin rabin ganga. Uwar banda ta kashe murhu na ƙarshe da kanta, ta yayyafa ruwa, ta tsaya har tururin ya ƙare. Ban taɓa ganin cikin ginin ba hayaƙi ba. Ashe yana da faɗi.

Ta gan ni a ƙofa. Na jira ta zage ni, da na ji sauƙi. Ta ce, "Mai littafi, riƙe mini wannan tukunyar, bayana ya gaji." Na riƙe har tasha.

Matakala biyar a waje.

Alhamis

Uku. An kawo katafila an ajiye kusa da ɗakin awo, an lulluɓe ta da tamfol kada ruwa ya taɓa ta.

Asabar, da yamma

Ɗaya. Rabon da ruwa ya hau haka shekara huɗu, in ji masu jirgi. Ya sami lokacin zuwa.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Da sassafe 'yata ta ce baffanta ya aiko, in same shi a bayan gidan banda.

Ruwa ya shanye matakala duka, ya hau bango kamar taki ɗaya, ja, yana tafe da ciyawa da robobi. Yaya yana tsaye a ciki har ƙauri, ya naɗe wando. Ya kafa tsinke a bakin ruwan tun asuba, ya ce bai ƙara ba, ya tsaya ke nan. A hannunsa ga guduma, ga ƙarfen, guntu ne, bai kai tafin hannu ba, kansa ya baje saboda duka.

Na ce, "Yaya, gobe za su rushe shi."

Ya ce, "Gobe ne. Yau ruwa ya taɓa."

Ya durƙusa ya saita ƙarfen, ya ɗaga guduma. Ya buga ya kuskure, ya sake ya bugi yatsansa. Ya daɗe a durƙushe yana kallon yatsan. Sannan ya miƙo mini su, bai dube ni ba.

Na cire takalmi na shiga. Ruwan da sanyi. Ya ce, "Ba nan ba, ƙasa kaɗan, inda dutse ya jiƙe. Kwantar da shi. Kada ka yi duka kamar kana dukan ɗalibi." Dutsen ya fi yadda na zata tauri. Na yi ta bugu har kafaɗata ta mutu, gilashina ya faɗa ruwa ya laluɓo mini. Tsagar ta fito a karkace, ta fi sauran muni. Ya shafa ta da babban yatsa, ya wanke ƙurar da ruwan kogi.

Ya ce, "Saba'in da biyar."

Na ce, "Wane suna za a sa mata?"

Ya ce, "Wa zai biya?"

Muka tsaya a cikin ruwan, tsofaffi biyu. Can ya dafa bangon ya ɗaga kai yana duban tsagogin har sama. Ya ce, "To, Auta. Kai da ka yi karatu. Shekararsa nawa?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi ƙarfen ya sa a aljihu.

Ya ce, "Da haka ka rubuta."

Litinin, ƙarfe goma da kwata

Cikin minti arba'in suka rushe shi. Ruwa ya ƙaru da yatsa biyu, ba inda za a sa tsaga.